Amanar Alƙalami: Sharhi a Kan Ladubban Buga Bincike a Mujallun Ilimi

 

Mas'alar da na ɗauko mana a yau, ko da yake a zahiri ta yi kama da abin da ya keɓanta da malaman jami'a da almajiransu, a haƙiƙa babu gidan da ba ta shiga ba. Domin maganin da likita ke rubuta wa majinyaci, da allurar rigakafin da ake yi wa jariri, da irin da malamin gona ke ba manomi shawara ya shuka, da hukuncin da mahukunta ke yankewa a kan ruwan sha ko karatun yara, galibinsu in aka bi salsalarsu za a iske sun jingina ne ga wata maƙala da wani masani ya rubuta, waɗansu masana suka tantance, sa'an nan wata mujallar ilimi ta buga ta ga duniya. Idan maƙalar nan gaskiya ce, jama'a sun amfana ba tare da sun san ko sunan mai ita ba. Idan kuwa ƙarya ce, su ne za su biya diyyarta da lafiyarsu da dukiyarsu, alhali ba su da hanyar gane inda cutar ta ɓullo musu. Saboda haka ya wajaba mu duba ladubban da aka gindaya wa wannan sana'a, da yadda ake keta su, da dalilin da ke kai mai ilimi ga keta su.

A shekarar 1665 aka fara fitar da mujallu biyu da ake ɗauka su ne kakannin mujallun ilimi na yau: ɗaya a birnin Faris cikin watan Janairu, mai suna Journal des sçavans, ɗaya kuma a Landan cikin watan Maris, mai suna Philosophical Transactions, wadda Henry Oldenburg, magatakardan ƙungiyar masana ta masarautar Ingila, ya ɗauki nauyin tsarawa, kuma har yau ana buga ta. Manufarsu ita ce a tabbatar da wanda ya riga gano abu, a yaɗa shi ga masana na nesa, a kuma adana shi domin na baya. Al'adar aika kowace maƙala ga masana na waje su tace ta kafin a buga, ita kuwa ba ta zama gama-gari ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ko da yake tunanin cewa aikin masani yana bukatar idon takwarorinsa tsohon tunani ne, domin tun a ƙarni na tara na Miladiyya likitan nan Ishaƙ bin Ali Ar-Ruhawi ya bayyana a littafinsa Adabuɗ Ɗabib cewa ya kamata likita ya riƙa rubuta halin majinyacinsa da maganin da ya ba shi, ta yadda in wani abu ya faru, majalisar likitoci za ta duba rubutun ta hukunta ko ya bi ƙa'ida.

Ga yadda abin ke gudana a yau, a taƙaice. Mai bincike ya kammala aikinsa, ya rubuta, ya aika wa edita. Edita ya duba, in ya ga ta cancanta, ya miƙa ta ga masana biyu ko uku na fannin, waɗanda galibi ba a biyan su ko kwabo, kuma marubucin bai san su ba. Su karanta, su nuna kurakurai, su ba da shawarar a karɓa, ko a gyara, ko a mayar. Daga nan edita ya yanke hukunci. Abin da nake son mai sauraro ya riƙe shi ne, a duk tsawon wannan silsila, da wuya a sami wanda ya shiga ɗakin gwaje-gwajen marubucin ya gani da idonsa, ko ya je asibiti ya ƙidaya majinyatan da aka ce an duba. Dukkan ginin a kan yarda yake tsaye. Don haka buga maƙala shahada ce: marubuci yana shaida wa duniya cewa ya yi kaza, ya ga kaza, masu tantancewa suna yi wa shaidar tazkiyya, mujalla kuma tana sa hatiminta. Mu da muka tashi cikin al'adar karatun da ba ta karɓar riwaya sai da isnadi, wadda malamanta suka ƙago ilimin jarhi da ta'adili domin bin diddigin adalcin mai riwaya da ƙarfin haddarsa, har irin su Ibnul Jauzi suka ware littafi guda don tattara ƙagaggun hadisai a san su a guje su, bai kamata wannan magana ta zame mana baƙuwa ba. Mun san cewa maruwaici guda mara amana ya isa ya ɓata silsila ko da sauran mutanenta duka amintattu ne.

Bari mu ɗauki labari guda mu bi shi daki-daki, domin kusan kowace irin cin amana da ake tsoro a wannan fage ta taru a cikinsa. A ƙarshen watan Fabrairu na 1998, mujallar The Lancet ta Landan, wadda ke cikin mafiya daraja a ilimin likitanci, ta buga wata maƙala mai marubuta goma sha uku, jagoransu wani likita mai suna Andrew Wakefield na asibitin Royal Free. Maƙalar ta ba da labarin yara goma sha biyu kacal, masu ciwon hanji da tawayar ɗabi'a irin ta galahanga, ta kuma nuna cewa a takwas daga cikinsu an danganta farkon alamomin da allurar rigakafin nan mai haɗe da cututtuka uku, wato ƙyanda da hangum da wata 'yar'uwar ƙyanda mai illa ga ɗan tayi. Maƙalar da kanta ba ta ce ta tabbatar da alaƙa tsakanin allurar da larurar galahanga ba, amma a taron manema labarai Wakefield ya ba da shawarar a dakatar da haɗaɗɗiyar allurar a koma yin kowace daban, jaridu kuma suka ɗauka suka yayata, tsoro ya shiga zukatan iyaye. Adadin yaran da ake yi wa allurar a Ingila, wanda a tsakiyar shekarun 1990 ya kai kimanin kashi 92 cikin 100, ya sauko zuwa kimanin kashi 80 a shekarar 2003 zuwa 2004, ƙyanda ta sami ƙofa, a 2006 ta kashe yaro a ƙasar karo na farko cikin shekara goma sha huɗu, a 2008 kuma hukumomin lafiya suka bayyana cewa ta dawo ta zauna.

Masana ba su yi barci ba, domin a 2002 an buga binciken da aka yi a ƙasar Denmak a kan yara fiye da rabin miliyan, wanda bai ga wata alaƙa tsakanin allurar da larurar ba. Amma wanda ya tono asalin ɓarnar ɗan jarida ne, Brian Deer na jaridar Sunday Times, wanda tun daga 2004 ya riƙa bankaɗo abin da aka ɓoye wa edita da masu tantancewa: cewa wani lauya da ke shirin kai kamfanonin allurar ƙara ya ɗauki Wakefield aiki tun kafin binciken, kuma kuɗin da aka biya shi ta wannan hanya a ƙarshe ya haura fam 400,000, cewa waɗansu daga cikin yaran ta hannun masu shirin ƙarar suka zo, cewa an nemi rajistar mallakar wata allurar ƙyanda ta dabam, wadda za ta yi kasuwa in aka guji haɗaɗɗiyar, cewa kuma abin da aka rubuta a maƙalar game da yaran bai dace da abin da ke cikin takardunsu na asibiti ba. A shekarar nan ta 2004 goma daga cikin marubutan suka janye daga fassarar da aka yi wa sakamakon. A watan Janairu na 2010 majalisar da ke kula da aikin likitoci a Birtaniya ta same shi da rashin gaskiya, da kuma yi wa yara gwaje-gwaje masu wahalarwa ba tare da sahihin izinin kwamitin ɗa'a ba. A farkon Fabrairu The Lancet ta janye maƙalar baki ɗaya, a watan Mayu kuma aka soke sunansa daga rajistar likitoci. Ramin ƙarya ƙurarre ne, haka ne. Amma wannan ramin sai da aka yi shekara goma sha biyu kafin a kai ƙarshensa, kuma shakkar da ya shuka game da rigakafi har yau tana yawo a ƙasashen da ba su taɓa jin sunan mujallar ba.

In muka warware wannan labari za mu ga amanoni huɗu da aka ci, kuma a kan kowace akwai ƙa'idar da editoci suka gindaya. Ta farko amanar bayanai ce, wato kada mai bincike ya ƙagi abin da bai gani ba, kada ya sauya abin da ya gani, kada kuma ya ɓoye abin da ya saɓa wa ra'ayinsa. Saboda tsoron wannan ɓoyewa ne kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, wanda ya samo asali daga wani taro a birnin Bankuba na Kanada a 1978, ya shar'anta tun daga 2005 cewa ba za a buga sakamakon gwajin magani ba sai an yi masa rajista a bainar jama'a kafin a fara, don kada a binne shi in ya fito ba yadda ake so ba. Ta biyu amanar bayyana maslaha ce: karɓar kuɗi domin bincike ba haramun ba ne, ɓoye wanda ya biya shi ne ha'inci, domin mai karatu yana da haƙƙin sanin wanda zai ci riba da sakamakon. Ta uku amanar mutanen da aka yi gwajin a kansu ce, wadda Yarjejeniyar Helsinki ta 1964 ta shimfiɗa, ta wajabta neman yardar mutum ko waliyyinsa bayan an fahimtar da shi, kuma mujallu na ƙwarai ba sa buga binciken da ya rasa wannan sharaɗi. Mu a arewacin Nijeriya mun san nauyin wannan magana, domin ba mu manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau ba, a kan yara kimanin 200, waɗanda goma sha ɗaya daga cikinsu suka rasu, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Ta huɗu amanar edita ce, wato ya gaggauta bincike in an kawo masa zargi, kada kishin sunan mujallarsa ya sa ya yi jinkiri. Domin taimaka wa editoci a kan irin wannan ne aka kafa kwamitin ɗa'ar ɗab'i da ake kira COPE a Birtaniya a 1997.

Akwai kuma amana ta biyar, wadda ita ce ta fi kusa da mu, wato amanar sa suna. Ƙa'idar da kwamitin editocin likitanci ya kafa ita ce, ba a kiran mutum marubucin maƙala sai ya cika sharuɗɗa huɗu: ya ba da gudummawa ta haƙiƙa wajen tsara binciken ko tattara bayanansa ko nazarinsu, ya sa hannu wajen rubutawa ko gyara mai zurfi, ya amince da abin da za a buga, ya kuma yarda a tuhume shi a kan ingancin aikin. Hikimar sharaɗi na ƙarshe ta bayyana a lokacin annobar korona. Ranar 22 ga Mayu, 2020, The Lancet ta buga wata maƙala da ta ce ta yi nazarin majinyata fiye da 96,000 a asibitoci 671 a nahiyoyi shida, ta kuma nuna cewa maganin hydroxychloroquine yana ƙara haɗarin mutuwa. Cikin kwanaki kaɗan Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da gwajin da take yi da maganin. Sai masu lura suka ga cewa adadin mamatan da aka ce an samu a Ostireliya ya wuce wanda hukumomin ƙasar suka sanar, masana fiye da ɗari kuma suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna tambaya, ciki har da yadda aka yi aka samu irin waɗannan bayanai masu yawa daga asibitocin Afirka. Da aka nemi ƙaramin kamfanin Surgisphere, wanda shi ne ya ce yana da bayanan, ya buɗe su a duba, sai ya ƙi. Uku daga cikin marubutan suka ce ba za su iya tsaya wa ingancin bayanan ba, aka janye maƙalar ranar 4 ga Yuni. Manyan masana ne suka sa sunansu a kan abin da ba su tantance asalinsa ba, wanda a ma'aunin malaman riwaya ya yi kusa da tadlisi, wato mutum ya ruwaito abu da lafazin da zai sa a zaci ya ji da kunnensa. Bisa wannan dalili ne kuma COPE ta bayyana a 2023 cewa ba za a sa na'urar ƙirƙirarriyar basira cikin jerin marubuta ba, domin ba ta iya ɗaukar alhaki.

To, ina matsayin al'adar nan da ta zama ruwan dare a makarantunmu, inda abokin aiki zai ce wa ɗan'uwansa, “Ka sa sunana a taka, in sa naka a tawa,” ko shugaban sashe ya ga cewa haƙƙinsa ne sunansa ya hau kowace takarda da ta fita daga ƙarƙashinsa, ko malami ya ɗauki kundin ɗalibinsa ya yanyanka shi ya buga, sunan ɗalibin yana can ƙarshe in ma an sa shi? Ana kiran wannan zumunci, ko girmama na gaba, amma sunansa na gaskiya shahadar zur, domin mutum ya shaida abin da bai halarta ba, ya kuma ci ladan wahalar wani. Haka nan satar fasaha, wato kwashe kalmomin wani ko tunaninsa ba tare da jingina masa ba, da buga bincike guda a mujallu biyu don a ƙidaya shi sau biyu, duk reshe ne na bishiya ɗaya. Malamanmu na da suna ganin cewa albarkar ilimi tana cikin jingina magana ga mai ita, shi ya sa za ka ga mawallafi yana ambaton shehunansa da littattafan da ya ciro daga cikinsu, ba ya jin wannan ya rage masa komai.

Mai tantancewa shi ma yana da nasa nauyin, kuma nasa ya fi wuyar ganewa domin a ɓoye yake aiki. Maƙalar da aka ba shi ajiya ce: ba ya halatta ya nuna wa wani, ko ya ɗauki tunanin da ke ciki ya riga mai shi bugawa, ko ya danne ta watanni saboda hassada ga abokin gasa, ko ya tilasta wa marubuci ambaton ayyukansa don a ƙara masa suna, in kuwa marubucin amininsa ne ko abokin husumarsa, wajibi ne ya mayar wa edita ya ce a nemi wani. An ruwaito cewa Ali bin Al-Madini, shehin Imamu Bukhari, da aka tambaye shi game da mahaifinsa a matsayin mai riwaya, bai bar soyayyar ɗa ta hana shi bayyana rauninsa ba. Wannan shi ne mizanin da ake nema. Inda aka rasa shi kuwa, tantancewa takan koma wasa da hankali, kamar yadda ya bayyana a 2017 lokacin da kamfanin Springer ya janye maƙaloli 107 daga mujallar Tumor Biology a lokaci guda, bayan an gano cewa an ba editoci sunayen masana na gaske tare da adireshin imel na bogi, ta yadda rahoton yabo ya riƙa fitowa daga hannun masu maƙalar ko dillalansu.

Sa'an nan kuɗi ya shigo ta wata ƙofa. Tsarin nan na buɗe ilimi ga kowa a intanet kyauta, inda marubuci ko makarantarsa ke biyan kuɗin ɗab'i, alheri ne babba, musamman ga ɗaliban ƙasashenmu da ɗakunan karatunsu ba sa iya sayen mujallu masu tsada. Amma ya sa ribar mai mujalla ta rataya a kan yawan abin da ya karɓa, sai 'yan damfara suka buɗe mujallun da babu abin da suke tacewa face kuɗin marubuci. Wani ma'aikacin ɗakin karatu a jami'ar Kolorado ta Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tattara sunayensu har zuwa farkon 2017, ko da yake an soki jerin nasa da cewa wani lokaci yakan haɗa mai ha'inci da mai ƙaramin ƙarfi. A 2013 wani ɗan jaridar kimiyya, John Bohannon, ya ƙagi maƙala cike da kurakuran da ɗalibi mai lura zai gane, a kan wani sinadari da aka ce yana hana ciwon daji girma, ya sa mata ƙagaggun sunayen marubuta da cibiyoyi na Afirka, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa, 98 suka mayar. A 2019 wata kotun tarayya a Amurka ta ci kamfanin OMICS na Indiya tarar dala miliyan 50 da 'yan kai saboda yaudarar marubuta. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: Wiley ya sayi kamfanin Hindawi, wanda aka kafa a Alƙahira, a 2021 a kan dala miliyan 298, sai ga shi a 2023 an janye maƙaloli fiye da 8,000 daga mujallunsa, domin dillalan da ke ƙera maƙala suna sayar da gurbin suna ga mai bukata sun mamaye su, a wannan shekara ta 2023 kuma jimillar maƙalolin da aka janye a duniya ta haura 10,000, abin da ba a taɓa gani ba.

Yanzu sai mu tambayi kanmu, mene ne ke kai mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a neman ilimi ga sayen gurbin suna, ko biyan mujallar da ya san ba ta karanta abin da ya aika ba? Raunin taƙawa yana ciki, babu shakka. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa ita ce yadda jami'o'i, a nan da sauran duniya, suka mayar da ƙarin girma da tallafin bincike abin ƙidaya. Ana cewa malami ya kawo maƙala kaza ya hau mataki kaza, a ba kowace maki gwargwadon inda aka buga ta, sau da yawa ba tare da wani ya zauna ya karanta ya ga ko ta ƙara wa ilimi wani abu ba. Wanda ke sayen hatsi da ƙidayar buhu, ba ya zura hannu ya ga abin da ke ciki, shi ya koya wa mai sayarwa cika buhu da ƙaiƙayi. Matashin malami mai tsantseni, wanda ya yi shekara biyu a kan bincike guda ingantacce, yana kallo abokinsa mai maƙala goma marasa nauyi ya wuce shi, ga iyali, ga albashin da bai isa ba, ga ɗakin gwaji babu kayan aiki. In ya dake, Allah ya saka masa, amma tsarin da ke bukatar kowane ma'aikacinsa ya zama waliyyi kafin ya yi gaskiya, tsarin ne ke bukatar gyara.

Gyaran kuwa ba gaibu ba ne. Tun a 2012 waɗansu editoci da masana suka tsara sanarwar San Faransisko a kan auna bincike, wadda ta yi kira da a riƙa auna maƙala da abin da ke cikinta maimakon sunan mujallar da ta ɗauke ta. Kwamitocin ƙarin girma suna iya neman malami ya zaɓi ayyukansa kaɗan mafiya inganci a ba masana na waje su karanta da gaske, a kuma tambaye shi rawar da ya taka a kowanne. Mai neman inda zai buga yana iya duba ko mujallar tana cikin kundin DOAJ, wanda ya tsananta sharuɗɗansa a 2014 har daga baya ya cire dubban mujallu, ko dandalin AJOL da ke tattara mujallun Afirka tun 1998. Ya kuma yi hattara da duk wadda ta aiko masa da wasiƙar yabo ba tare da ya nema ba, ta yi masa alkawarin bugawa cikin mako guda. Mujallunmu na gida, har da waɗanda ake bugawa da Hausa, su ne suka fi cancantar ɗaukar binciken da ya shafi harshenmu da gonakinmu da cututtukanmu, don haka ya kamata a tallafa musu da kuɗi na dindindin, don kada edita ya dogara ga aljihun marubuci, su kuma su bayyana ƙa'idojinsu a fili, su tace maƙalar farfesa da irin rariyar da suke tace ta ƙaramin malami.

Daga ƙarshe, wajibi ne mu sauya yadda muke kallon janye maƙala. Kuskure dabam, ha'inci dabam, kuma mujallar da ke bayyana dalilin janyewa a fili ta fi wadda ba ta taɓa janye komai ba cancantar a amince da ita. A farkon 2020 Frances Arnold, wadda ta sami lambar Nobel a ilimin sinadarai a 2018, ta sanar da bakinta cewa ita da abokan aikinta sun janye maƙalarsu daga mujallar Science domin an kasa maimaita sakamakon, masana kuwa suka yaba mata. Mu ma mun gaji irin wannan, domin Imamu Shafi'i ya bar da yawa daga fatawoyinsa na Iraƙi bayan ya koma Masar, har aka san mazhabarsa da tsohon ƙauli da sabo, wannan bai rage masa daraja ba ko kaɗan. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Saboda haka kirana ga shugabannin jami'o'i shi ne su karanta kafin su ƙidaya. Ga editoci, su tsare hatiminsu ko da mai maƙalar shehinsu ne. Ga manyan malamai, su cire sunansu daga aikin da ba su yi ba, su sa na ɗalibin da ya yi shi a gaba, domin daga gare su na baya ke koyon abin da ya halatta. Ga 'yan'uwana 'yan jarida kuwa, kada mu ɗauki bincike guda a kan mutum goma sha biyu mu shelanta shi kamar hukuncin da aka yi ijma'i a kansa. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu cikin masu tsare amana, ya kiyashe mu da shaidar abin da ba mu gani ba.